Tarihin Dakta Ronald McNair, ɗan sama jannati (1950-1986)

A jihar Falorida ta ƙasar Amurka, bakin tekun Atlantika, akwai wani babban fili da ake kira Cibiyar Kennedy, inda ake harba kumbuna zuwa sararin samaniya. A gefen filin akwai gidan ajiye kayan tarihi. A watan Yuni na 2015 aka buɗe wani zaure a gidan, aka jera akwatunan gilashi 14, kowane da hoton mutum ɗaya da ƴan kayayyakin da iyalinsa suka bayar. A ƙarshen zauren aka kafa wani ɓallin jikin jirgi wanda tsawonsa ya fi metir 3, duk a kakkarce, da zanen tutar Amurka a kansa. Daga ƙarƙashin teku aka tsamo shi. Ɓallin kumbon Challenger ne, wanda ya tarwatse a sama a 1986 da mutum 7 a cikinsa. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin shi ne Dakta Ronald McNair, baƙar fata, masanin kimiyya. Tarihinsa ne za mu kawo wa masu karatu a wannan fili.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Ronald McNair ran 21 ga watan Oktoba na 1950 a Lake City, wani ƙaramin gari na manoman taba da auduga a jihar Karolina ta Kudu. Mahaifinsa mai gyaran jikin mota ne, mahaifiyarsa kuwa malamar lakwal. Su uku ne a ɗakinsu, dukansu maza, shi ne na tsakiya. Gidan da ya fara wayo a ciki ba lantarki, ba ruwan famfo. In an ba da hutun lakwal, shi da ƴan'uwansa sai su shiga gonakin mutane su yi ƙodago, suna tsinkar auduga da yankan ganyen taba, don su taimaki gida.

A wancan zamani dokokin wariyar launin fata suna da ƙarfi a kudancin Amurka. Lakwal ta farare daban, ta baƙaƙe daban. Haka gidan abinci, haka wurin zama a mota, har famfon shan ruwa. Kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci tun 1954 cewa raba yara a lakwal saboda launi ya saɓa wa tsarin mulki, amma jihohin kudu suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Yaron ya taso da son karatu da lissafi. Yana gab da cika shekara 7 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, ran 4 ga watan Oktoba na 1957, duniya ta ɗauka. Tun daga nan hankalinsa ya koma sama.

A 1959, yana da shekara 9, ya taka da ƙafa har gidan littattafai na garin, wanda farare kaɗai ake ba aro. Ya zaɓi littattafansa, ya bi layi, ya ajiye su gaban matar da ke kula da wurin. Ta hana shi, ta ce ya fita. Bai yi rashin kunya ba, bai kuma fita ba. Ta kira ƴan sanda, aka kira mahaifiyarsa. Da aka taru aka ga abin da ya jawo kiran, yaro ne ƙarami da littattafai a hannu, sai aka ga ba abin kamawa. Aka ba shi aron littattafan ya tafi da su gida. Mai karatu ya riƙe wannan gini a ransa, don za mu komo kansa.

NEMAN ILIMI

Ya gama lise a 1967, shi ne na ɗaya a ajinsu. Daga nan ya shiga jami'ar aikin gona da fasaha ta Karolina ta Arewa, a birnin Greensboro, wadda aka kafa domin baƙaƙe. Jami'ar tana da suna a gwagwarmayar neman ƴanci: ɗalibanta 4 ne, ran 1 ga watan Fabrairu na 1960, suka zauna a teburin cin abinci na wani kanti da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi, har abin ya bazu ko'ina a kudu. Wani yanki na teburin nan an kai shi gidan tarihin ƙasa a birnin Washinton.

McNair ya karanta fizik, watau ilimin da ke binciken haske da zafi da motsi da ƙarfin abubuwa. Ya sami digirinsa na farko a 1971 da babban yabo. Sa'an nan ya wuce MIT, babbar makarantar fasaha ta jihar Masacuset, wadda ke cikin mafi wuyar shiga a duniya. Fannin da ya zaɓa shi ne leza. Leza haske ne da ake tattarawa a harba shi siriri, launi ɗaya, hanya ɗaya, ba ya watsuwa kamar hasken fitila. Da shi ake yanka ƙarfe, ake aikin ido, ake aika magana cikin zaren gilashi. A 1975 ya je Faransa, ya halarci makarantar bazara ta masana fizik a Les Houches, cikin duwatsun Alpes.

Ana cikin haka wata jarrabawa ta same shi. Takardun da ya tara sakamakon bincikensa na shekara 2 a ciki suka salwanta, a lokacin da ba wata na'urar da ke riƙe masa kwafi. Wani da nan zai haƙura ya koma gida. Shi kuwa ya koma ɗakin bincike ya sake aikin daga tushe, ya karɓi digirin dakta a 1976, yana da shekara 25. Ya kama aiki a wata cibiyar bincike a Malibu, jihar Kalifoniya.

Karatu bai hana shi wasu abubuwa biyu ba. Gwani ne a wasan karate, har ya kai baƙar ɗamara mataki na 5, ya ci lambar zinariya a 1976, yana kuma koyar da yara. Sa'an nan mabushi ne. Abin busarsa shi ne saksofon, wanda ya yi kama da algaita amma na farin ƙarfe ko tagulla, mai maɓallai da yawa.

KUMBO MAI ZUWA YA DAWO

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana irin jirgin da ya ɗauke shi. Kumbunan farko, har da waɗanda suka kai mutum wata a 1969, sau ɗaya ake amfani da su. Roka ta ƙone ta faɗi, ƴan sama jannati su dawo cikin ɗan ƙoƙo da laima, a kai ƙoƙon gidan tarihi. Tsadar abin ta sa hukumar NASA, mai kula da harkar sararin samaniya a Amurka, ta ƙera wani sabon iri: kumbo mai fukafukai, wanda zai tashi a tsaye kamar roka, ya zagaya duniya, ya sauko a kan ƙafafu kamar jirgin sama, a gyara shi ya sake komawa.

Tsawonsa metir 37. A bayansa akwai rumbun kaya mai metir 18, wanda ke buɗewa kamar ƙofa mai ganye biyu. Wajen tashi ana ɗaure shi jikin wani ƙaton tanki mai ɗauke da kusan lita miliyon 2 na iskar idrojan da oksijan waɗanda aka sanyaya har suka zama ruwa. Dama da hagun tankin akwai dogayen rokoki biyu masu busasshen mai. Su ne ke ba da mafi yawan ƙarfin tashi. Bayan minti 2 su rabu, su sauka a teku da laima, jiragen ruwa su jawo su a sake cika su. Tankin kaɗai ke halaka. In kumbon ya daidaita a sama, yana gudun kilometir 28,000 a awa, yana zagaya duniya cikin minti 90. Na farkonsu, Columbia, ya tashi ran 12 ga watan Afrilu na 1981.

Da can matuƙan jiragen yaƙi ake ɗauka, kusan dukansu, kuma duka farare maza. Sabon kumbon kuwa yana ɗaukar mutum 7, yana bukatar masana da za su yi bincike su sarrafa kaya. NASA ta yi shela, mutum fiye da 8,000 suka nema. A watan Janairu na 1978 aka zaɓi 35. A cikinsu akwai mata 6 da baƙaƙe 3: Guion Bluford, da Frederick Gregory, da Ronald McNair. Ya gama horo a watan Agusta na 1979.

A wannan lokaci ya sadu da wani matuƙin jirgin soja, baƙar fata, ɗan jiharsu, mai suna Charles Bolden, wanda yake ganin ko ya nema ba za a ɗauke shi ba. McNair ya yi masa faɗa irin na ɗan'uwa, ya matsa masa har ya rubuta takarda. Aka ɗauki Bolden a 1980.

TAFIYA TA FARKO

Ran Jumma'a 3 ga watan Fabrairu na 1984 McNair ya tashi cikin Challenger tare da mutum 4, Vance Brand yana shugaba. Shi ne baƙar fatar Amurka na biyu da ya je sararin samaniya, bayan Bluford da ya je a watan Agusta na 1983. Dukansu kuwa wani ɗan ƙasar Kuba, Arnaldo Tamayo Méndez, ya riga su, don shi ya tashi cikin kumbon Sobiyet tun 1980.

Tafiyar ta haɗa daɗi da ɗaci. Sun saki taurarin sadarwa biyu, ɗaya na wani kamfanin Amurka, ɗaya na ƙasar Indunusiya, amma injunan taurarin suka gaza, ba su kai inda aka nufa ba, sai a watan Nuwamba kumbon Discovery ya je ya ɗauko su. Ran 7 ga wata kuwa aka yi abin da ba a taɓa yi ba. Bruce McCandless ya fita daga kumbon ba igiya, ya goya wata kujera mai fesa iska, ya yi nisan kusan metir 100, shi kaɗai tsakanin sama da ƙasa. Aikin McNair a kwanakin nan shi ne sarrafa dogon hannun ƙarfe na kumbon, ƙirar ƙasar Kanada, mai metir 15. Da shi ya ɗauki abokin aikinsa a tsaye a kan wani ɗan dandamali, yana kai shi duk inda aiki yake a rumbun kaya. Aiki ne mai son natsuwa, don ran mutum ne a bakin hannun. Da ya sami sarari kuma ya fito da saksofon ɗinsa ya busa, yana yawo a iska ba nauyi.

Suka sauka ran 11 ga wata a Cibiyar Kennedy, karo na farko ke nan da kumbo ya sauka a filin da ya tashi. McNair ya yi awa 191 a sama. Ya dawo ya yi ta zagaya makarantu, musamman na ƴaƴan talakawa, yana jan hankalin yara ga lissafi da kimiyya. Garinsu ya yi masa gagarumar tarba.

SAKAN 73

Aka sake sa shi a tafiyar Challenger ta watan Janairu na 1986, wadda ita ce ta 25 ga kumbunan duka, ta 10 ga Challenger. An ɗora masa sakin wata na'ura da za ta duba tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley, wadda ke ziyartar duniya sau ɗaya a shekara 76. Ya kuma shirya da makaɗin nan na Faransa, Jean-Michel Jarre, zai busa wani sashe na sabon kiɗansa a sama a ɗauka a faifai. Abokan tafiyarsa su ne Francis Scobee, shugaba, da Michael Smith, matuƙi, da Judith Resnik, da Ellison Onizuka, da Gregory Jarvis, da Christa McAuliffe, malamar lakwal wadda aka zaɓa daga cikin malamai fiye da 11,000 don ta koyar da darasi daga sama. Saboda ita, ƴan lakwal masu yawa suka zauna gaban telebijin a ranar.

An ɗaga tashin sau da dama. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin kyawun yanayi a Dakar, domin filin jirgin saman babban birnin Senegal ne aka tanada in kumbon ya sami matsala bayan tashi ya ƙetare teku ya sauka. A daren 27 ga wata wani sanyi da ba a saba gani ba ya sauka a Falorida, har ƙanƙara ta daskare jikin hasumiyar harbawa.

Ga inda matsalar take. Dogayen rokokin nan guntu-guntu ake ƙera su, a kawo su a jirgin ƙasa, a harhaɗa. A kowace mahaɗa akwai zobba biyu na roba masu toshe kafa don kada wuta ta fita. Roba kuwa in ta sha sanyi sai ta sandare, ba ta saurin komawa yadda take. Injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin sun san haka, don sun ga alamar ƙuna a zobban wata tafiya da aka yi cikin sanyin digiri 12 a 1985. A daren suka ba da shawara kada a tashi. Manyan NASA suka nuna rashin jin daɗi, shugabannin kamfanin suka keɓe suka sake shawara, suka sa hannu a tashi. Ba a gaya wa mutum bakwai ɗin an yi wannan gardama ba.

Ran Talata 28 ga watan Janairu, da ƙarfe 11 da minti 38 na safe, watau ƙarfe 5 da minti 38 na yamma agogon Nijar, Challenger ya tashi, sanyi yana wajen digiri 2. Tun sakan na farko baƙin hayaƙi ya ɓullo daga wata mahaɗa ta rokar dama. Wajen sakan na 59 harshen wuta ya fito, ya doshi tankin mai ya huda shi. A sakan na 73, a nisan kilometir 14 daga ƙasa, tankin ya fashe, ƙarfin iska ya wargaza kumbon a gaban iyalai da ke tsaye suna kallo. Ɗakin matuƙa ya fita a dunƙule, ya faɗa teku bayan minti 2 da sakan 45. Ba wanda ya tsira. McNair ya rasu yana da shekara 35, ya bar mata ɗaya da ƴaƴa biyu ƙanana.

Shugaba Ronald Reagan ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin William Rogers, tsohon ministan harkokin waje. A cikinsa akwai Neil Armstrong, wanda ya fara taka wata, da Sally Ride, da masanin fizik Richard Feynman. Feynman ne ya tsoma guntun robar cikin ruwan ƙanƙara a gaban ƴan jarida, ya nuna yadda take sandarewa. Rahoton da ya fito a watan Yuni ya ɗora laifi a kan zoben, ya kuma ɗora shi a kan yadda ake yanke shawara: na ƙasa sun ga haɗari, maganarsu ba ta isa sama ba, na sama kuma hankalinsu yana kan cika alkawarin lokaci. Wannan darasi ne ga duk wanda aka ba amanar sa hannu a takarda. Aka dakatar da tashin kumbuna wata 32, sai a watan Satumba na 1988 aka koma.

ABIN DA YA SAURA

Jiragen ruwa da masu nutso sun yi watanni suna tsamo tarkacen. Da bincike ya ƙare, a farkon 1987, aka zuba su cikin wasu tsofaffin ramuka biyu na makamai masu linzami kusa da filin harbawa, aka rufe da kankare. Teku kuma ba ta gama mayar da nata ba: a watan Disamba na 1996 ta turo manyan ɓallaye biyu bakin gaɓa, a 2022 kuma masu nutso suka ci karo da wani mai wajen metir 6 kwance cikin rairayi.

Aka ƙera Endeavour ya maye gurbin Challenger. Shi ya ɗauki Mae Jemison, baƙar mace ta farko, a watan Satumba na 1992. Ran 1 ga watan Fabrairu na 2003 Columbia ya wargaje a hanyar dawowa, wasu 7 suka rasu. Zamanin waɗannan kumbuna ya ƙare ran 21 ga watan Yuli na 2011, da saukar Atlantis, bayan tafiya 135.

Sa'an nan aka zo rabon gado. Gidajen tarihi da yawa suka nema, kuma wanda ya tsaya ran 12 ga watan Afrilu na 2011 ya bayyana inda kowane kumbo zai tafi shi ne shugaban NASA na lokacin, Charles Bolden, mutumin nan da McNair ya matsa wa ya rubuta takarda. A 2012 aka kai Discovery, mai tafiya 39, gidan tarihin jiragen sama kusa da Washinton, inda aka rataye kujerar nan da McCandless ya goya a 1984. Ba a yi masa sabon fenti ba, an bar shi da tabon wutar da ya sha. A shekarar kuma aka ja Endeavour a titunan Los Anjalas, kilometir 19, jama'a sun yi dafifi suna kallo. Enterprise, wanda aka yi gwajin sauka da shi amma bai taɓa zuwa sama ba, aka kai shi Niyok. Atlantis ya zauna a Cibiyar Kennedy, aka buɗe zaurensa a 2013, an karkata shi da ƙofofin rumbu a buɗe kamar yana aiki a sama. A cikin ginin nan nasa ne, da yardar iyalan mamatan, aka fito da ɓallin Challenger da firam ɗin tagogin Columbia, bayan kusan shekara 30 ba wanda ya ga tarkacen Challenger in ba ma'aikata ba. Hukumar ta yarda a nuna inda ta yi nasara, a kuma nuna inda ta yi kuskure, don masu tasowa su gani da idonsu.

Sunan McNair bai tsaya a gidan tarihi ba. Jarre ya sa wa kiɗan ƙarshe na faifansa na 1986 sunansa. MIT ta sa wa wani gini sunansa, haka makarantu da dama, har da wani rami a bayan wata. Tun 1989 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fara wani shiri da sunansa na taimakon ɗalibai ƴaƴan talakawa, waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba, su kai ga digirin dakta. A 2004 aka ba shi lambar girma ta majalisar ƙasar, shi da sauran waɗanda suka rasu.

Kabarinsa yana Lake City, inda aka haife shi. Kusa da shi ga tsohon gidan littattafan nan da aka kira masa ƴan sanda a 1959. A watan Janairu na 2011, shekara 25 bayan rasuwarsa, garin ya mayar da ginin gidan tarihin rayuwarsa, aka rubuta sunansa a bakin ƙofa. Yara farare da baƙaƙe suka shiga tare, ba wanda aka tambaya launinsa.